Mai Tsintsiya a Rumfar Tattasai

Mai Tsintsiya ake ce mata a layinsu, kuma ta ci sunan. Mace ce da za ta share tsakar gida, ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana kallon inda ta share, ta ga bai yi mata ba, ta sake daga farko. Idan baƙo ya tashi daga kujera, kafin ya kai ƙofa ta bi kujerar da tsumma, ba don wulaƙanci ba, hannunta ne ba ya iya zama. Maƙwabta suna cewa tsabta ce, ita ma takan bar su a haka. Amma maganar gaskiya tsoro ne. Duk wani abu mai ƙafa fiye da huɗu tsoronsa take ji, tun tana 'yar shekara bakwai.

A shekarar ne tsutsa ta faɗa wa gonar babanta. Ta bi shi da safe tana riƙe da gorar ruwansa, tun kafin su isa suka fara jin wani sauti kamar yayyafi a kan ganye, alhali sama fes take. Tsutsotsi ne ke ci. Sun rufe hanya, sun rufe kunya, wasu suka hau kan yatsun ƙafarta, ta kasa ko ihu. Babanta ya tsaya da fartanya a kafaɗa bai ce uffan ba, kuma wannan shirun nasa ya fi tsutsar ba ta tsoro. Kwana uku gonar ta koma tsirarun karare. Kafin shekara ta zagayo sun tattara sun koma gari, babanta ya zama mai gadin wani shago har ƙarshen ransa.

Da ta girma ta sami aikin shara da goge-goge a asibiti, aikin ya zauna mata daram. Shekara goma sha tara ta yi, mafi yawansu a ɗakin masu ciwon ƙirji. Dokar wurin ɗaya ce kuma ta yi daidai da zuciyarta: abin da ka ga yana rarrafe ka kashe shi, ka goge wurin, ka wanke hannu. A nan ta koyi bin bango daga sama zuwa ƙasa, da leƙa ƙarƙashin gado, da rashin yarda da wurin da ido bai gani ba. A nan kuma ta koyi wani abin da ba a biya ta don ta koya ba. Ta san numfashin mutane. Tana goge ƙasa, ba tare da ta ɗago ba, tana iya faɗa maka wanda za a sallama cikin mako da wanda za a zagaye gadonsa da labule.

A ɗakin ta haɗu da mijinta. Ya zo duba ƙaninsa, ya shigo mata da laka a takalmi kan wurin da ta gama gogewa, ta wanke shi tas da baki a gaban jama'a. Shi kuwa ya cire takalman ya riƙe a hannu, ya tambaye ta ko ƙafar ma zai cire. Washegari ya dawo da takalmi wankakke da kwandon tattasai, kuma ƙanin nasa ya daɗe da warkewa amma shi bai daina zuwa dubiya ba.

Mai Tattasai ake kiransa. Yana da rumfunan leda guda uku a bayan gida, a ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare, dogaye, kowace da ƙofar raga, cikinsu layi-layi na tattasai har ƙugun mutum. Da su aka ci, da su aka sha, da su 'ya'ya uku suka yi karatu suka watse garuruwa. Kuma shekara ashirin da shida yana feshe su da maganin ƙwari da kansa. Ya goya famfon feshi a baya, ya ɗaure hanci da tsohuwar riga, ya shiga cikin zafin ledar nan ya rufe ƙofa, ya fito idanu jajur yana dariya yana cewa yau ma ya gama da ƙwarin. Takan wanke kayan feshin a bokiti daban, ta yi masa faɗan ya wanke hannu kafin ya taɓa kwano. Amma kada a yi mata ƙarya, tana son warin nan. Idan ta ji shi a iska hankalinta kan kwanta, don ta san babu abin da ke rarrafe a bayan gidanta.

Ita ta fara gane tarinsa, tun kafin likita. Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ya yi tari, ya ja numfashi, ta ji wani ɗan siririn fito a ƙarshensa. Ta san fiton nan, ta goge ƙarƙashin gadaje da yawa da yake fitowa daga samansu. Wata huɗu tana fama da shi kafin ya yarda ya je asibiti, yana cewa mura ce ta ƙi tafiya. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya duba, ya tambayi sana'arsa, bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce abin da ya lalace ya lalace, sauran da ya rage shi za a lallaɓa, kuma idan ya sake shaƙar maganin feshi ko sau ɗaya, shi bai san abin da zai saura ba.

Suka dawo gida, ya wanke famfon, ya kai shi ɗakin ajiya da sauran kwalaben magani, ya kulle, ya rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofar kicin. Ta ce a ɗauki wani ya riƙa yin feshin. Ya ƙi, ya ce ba zai goya wa ɗan wani abin da ya cinye masa ƙirji ba. Ta ce to a zubar da kwalaben. Ya ce ba a zubar da irin wannan a kwata, sai an sami inda ya dace, kuma aka yi ta neman inda ya dace ba a samu ba. Tun daga ranar, duk sanda ta shiga kicin sai ta fara duban ƙusar nan kafin ta dubi tukunya.

Ba a yi wata biyu ba darɓa ta sauka a rumfa ta farko. Ƙananan ƙwari ne koraye, ba su kai ƙwayar gero ba, suna manne a ƙarƙashin ganye da kan toho suna tsotse ruwan shuka, kuma haihuwarsu ba ta da hutu. A da, feshi ɗaya ya ishe su. Yanzu Mai Tattasai ya tsaya a bakin rumfa yana kallonsu hannu a baya, ita kuma tana kallonsa ta tagar kicin.

'Yar ƙanwarsa ce ta kawo mafita. Malamar gona ce, tana aiki da manoman rumfa, mace mai saurin magana da saurin tafiya, wadda ba ta taɓa jin nauyin gaya wa kawunta gaskiya ba. Ta zo ranar Talata da wani ɗan kwali mai huji-huji a bayan babur ɗinta. Da ta ɗaga murfin, sai ga jajayen ƙwari dunƙule-dunƙule, masu ɗigon baƙi a baya, ɗaruruwa, suna hawan juna. Ta ce waɗannan ba sa cin ganye, darɓa ce abincinsu, a sake su a rumfa a rufe raga, su yi aikin da famfo yake yi. Mai Tattasai ya leƙa ya ce a rayuwarsa bai taɓa ɗaukar ma'aikata da yawa haka a rana ɗaya ba, kuma ba mai tambayar abincin rana. Mai Tsintsiya kuwa tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ta ce ta bar tukunya a wuta, ta juya da sauri.

Da ta tsaya, da labarin nan ya ƙare a nan. Malamar ta shiga rumfa da kawunta, ta yi kusan rabin awa tana yi masa bayani, tana nuna masa hotuna a waya, yadda ƙwarin ke saka ƙwai, yadda 'ya'yan ke fitowa, da kamanninsu. Mai Tsintsiya kuwa tana kicin tana juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi. Abin da ya iso kunnenta daga baya uku ne kawai, daga bakin mijinta: jajayen nan abokai ne kada a taɓa su, ba feshi ko kaɗan, kuma a yi haƙurin mako uku.

Da yake zafin leda yana tayar masa da tari, sunkuyo kuma yana toshe masa numfashi, ita ta karɓi ban ruwan safe. Takan shiga da dogon hannu da safa, ta ɗaure kai tam, ta bi layi tana kauce wa ganye. Idan ja ɗaya ya sauka a hannun rigarta sai ta runtse ido ta tsaya cak har ya tashi. A hankali ta fara jure musu. Ta ga ɗaya ya kama darɓa yana ci, ta ce masa a ranta ya ci da kyau, Allah ya ƙara masa ci.

A kwana na tara ta ɗaga wani ganye don ta ga ko darɓar ta ragu, sai ta yi arba da abin. Baƙi ne, dogo, mai ƙaya-ƙaya a baya da tabon ruwan lemo, ƙafa shida, yana tafiya da sauri kamar ɗan mitsitsin kada. Ta saki ganyen ta ja da baya har ta taka tiyo. Da zuciyarta ta ɗan lafa ta ɗaga na kusa da shi, ta ga uku. Ta ɗaga wani, ta ga wasu 'yan ƙwai rawaya a tsaitsaye, a jere, sun kai ashirin. Ga darɓa ba a gama da ita ba, ga wata sabuwar masifa ta ƙyanƙyashe a kanta, kuma wannan ko makaho ya shafa ya san mugu ne.

Tsaye a wurin ta yi lissafinta, kuma lissafin bai da aibu sai a wuri ɗaya. Idan mijinta ya ga wannan baƙin abu, haƙurinsa zai ƙare. Ta san shi. Zai ce jajayen sun kasa, zai wuce kicin ya miƙa hannu bayan ƙofa. Idan ta kira malamar, malamar za ta gaya wa kawunta, don bakinta ba ya riƙe magana. Saboda haka ba wanda zai ji. Ita za ta share su, kamar yadda ta share duk abin da ya taɓa rarrafe a gabanta. Ko kusa bai zo mata a rai ba cewa abu mai muni haka zai iya zama ɗan wancan jan mai kyau. A saninta ɗa kama uwarsa yake yi, ɗan akuya akuya ne ƙarami.

Ta samo gwangwanin madara, ta zuba ruwan sabulu, ta ɗauko tsohon buroshin haƙori da safar hannu ta roba. Tun gari bai gama wayewa ba, yana barci, take shiga. Ranar farko da ta fito sai da ta yi amai a gindin tankin ruwa. Ta kurkure baki ta koma. Ba wanda zai iya aikin nan kamar ta. Wani zai duba sama-sama ya gaji, ita kuwa layi-layi take bi, shuka-shuka, daga toho zuwa gindi, kowane ganye sai ta juya bayansa. Ta kaɗe baƙaƙen cikin gwangwani, ta kankare rawayen ƙwai da buroshi, jajayen kuma ta kewaye su da ladabi. Ta zubar a bayi, ta kora ruwa, ta wanke gwangwanin ta ɓoye bayan buhun gawayi, sannan ta ɗora ruwan shayi. Kwana goma sha biyu tana haka, rumfa uku. Tsoro bai ragu ba ko na rana ɗaya, amma har wani ɗan alfahari take ji, ita ce tsaye tsakanin mijinta da ƙusar nan.

Shi kuma yakan shigo da hantsi, ya ɗaga ganye biyu uku iya inda hannunsa ya kai ba sunkuyo, ya girgiza kai. Ya ce mata abin yana ba shi mamaki, ya kamata a ce yaran ma'aikatansa sun fito war haka. Ta ce ita ma tana dubawa kullum ba ta ga ko ɗaya ba, kuma iya gaskiyarta ta faɗa, don 'yan ƙananan jajaye take nema. Haka suka yi ta magana a kan abu ɗaya, kowa da hoton da ke kansa.

Darɓa kuwa ta samu sake. Ganye ya fara nannaɗewa, ya yi danƙo, wani baƙi-baƙi kamar kunkunniya ya hau kansa, tururuwa ta yi hanya a kan karare. Fure ya riƙa zubewa tun bai ɗaure ba. Jajayen suka ragu, wasu sun tsufa sun mutu, wasu sun sami ɓula a raga. Mai Tattasai ya daina barkwanci. Sau biyu ta kama shi a kicin ba abin da ya kawo shi, ya ce ruwa ya zo sha, alhali ga randa a waje.

Ranar da mako uku ya cika malamar ta dawo. Ta shiga rumfa ta farko da fara'arta, ta fito babu ita. Ta shiga ta biyu, ta uku, ta durƙusa, ta yi rarrafe, tana juya ganye tana magana ita kaɗai. Ta ce wannan abu bai taɓa faruwa da ita ba, ta ga alamar inda aka saka ƙwai amma ba ƙwan, ba 'ya'yan, kamar an bi da tsumma. Can a lungu, bayan tankin ruwa, inda wata shuka ta matse da bango hannu ba ya shiga, ta zaro ganye ɗaya ta taho da shi a tafin hannu tana murna.

"Inna, zo ki ga. Kada ki gudu, ba ya cizo. Wannan shi ne ɗan jan nan."

Mai Tsintsiya ta duba. Baƙi, mai ƙaya-ƙaya, da tabon ruwan lemo.

"Wannan?"

"Shi fa. Muni kamar me, amma shi ne mai aikin. Uwar tana iya tashi ta tafi, shi ba shi da fiffike, yana nan yana ci safe da yamma. Da sun fito yadda ya kamata, da yanzu ba darɓa ko ɗaya a rumfar nan."

Ta dafa ƙarfen ƙofa, ta ji kunnuwanta sun toshe, maganar malamar na zuwa mata daga nesa. A cikin kanta gwangwanaye goma sha biyu ne a jere, kowanne baƙi ƙirin da abin da ke yawo a saman ruwan sabulu.

Sai malamar ta juya kan kawunta. Ta ce abu ɗaya ne ta sani yana share 'ya'yan haka, ya faɗa mata gaskiya, ko ya ɗan yi feshi a ɓoye. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi da ya yi alkawari a gaban likita da matarsa, yau shi ake tuhuma a rumfarsa, ya rantse bai taɓa makullin ba, har tari ya sarƙe shi. Ya juyo ya ce Maman yara ta faɗa mata, ai ita ce shaida. Ta ce bai yi ba. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, ta ga fuskarsa, ta ga ta yarinyar da ta goya tana jaririya, kunya da tsoro suka danne ta. Malamar ta ba shi haƙuri, ta ce wataƙila zafin ledar ne, ko tururuwa, za ta kawo wani kwalin nan da kwana biyar. Ta ƙara da cewa irinsu ma akan same su a ciyawar bakin rafi, sai dai ba yawa. Ya ce tattasan nan ba shi da kwana biyar, kuma abin da ya ƙi haihuwa a rumfarsa sau ɗaya bai ga dalilin da zai sa ya haihu a karo na biyu ba.

Ta ce a ranta za ta gaya masa idan malamar ta tafi. Malamar ta tafi, ta ce bari ya huce. Ya huce, ta ce bari ya ci abinci. Ya ci kaɗan ya ture kwanon, ya zauna yana kallon rumfunan har rana ta faɗi, ta ce gobe. Kuma kafin goben wata dabara ta zo mata, irin dabarar mai shara: idan ka yi ɓarna, ka gyara kafin mai wurin ya gani. Za ta je bakin rafi ta ɗebo su ta mayar. Idan ya ga yaran sun bayyana zai jira, sannan ta faɗa masa komai suna dariya.

Da sassafe ta ɗauki gwangwanin, wannan karon busasshe da ganye a ciki, ta fita a hankali. Rafin yana da ɗan nisa, bayan gidajen ƙarshe. Ta shiga ciyawa mai raɓa har gwiwa, ita da ba ta taka ciyawa, abubuwa na tsalle suna faɗo mata a zane, tana juya ganye tana addu'a. Ta manta safar hannu. Na farkon da ta samu, da yatsunta ta ɗauke shi, ta ji ƙafafunsa a fatarta, ta cije leɓe har ya fashe. Rana ta ɗago sosai kafin ta haɗa goma sha ɗaya. Ta rufe da tafin hannu ta kamo hanya tana sauri.

Tun daga bakin layi iska ta kawo mata warin. Ta tsaya, ta ce wataƙila daga wani gidan ne. Ta ƙara taku biyar ta ji babu wani gidan. Ba ta san inda gwangwanin ya faɗi ba. Ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, kwalba a ƙasa ba murfi, rumfa ta farko ledarta ta yi gumi ganye na ɗiga. A ta biyu ta same shi, a tsakiyar layi, a durƙushe, famfon na bayansa, tsohuwar riga a hancinsa, hannu ɗaya ya dafa ƙasa. Bakinsa a buɗe yake yana jan iska ba ta shiga, leɓɓansa sun canza launi. Ta tsinke igiyar famfon, ta kama shi ta hammata ta ja shi da baya har waje, mutumin da ya ninka ta nauyi, tana kiran maƙwabcinsu direba da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

A ɗakin asibitin da ta yi aiki a dā aka kwantar da shi, gado na huɗu daga ƙofa, wanda ƙafarsa ɗaya ke ƙara idan an tura. Wata sabuwar mai shara ce ke goge ƙasa, ta ce mata ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga. Kwana biyu yana cikin takunkumin iska bai san wanda ke kansa ba. Ita kuwa tana zaune tana sauraron numfashinsa, kuma a karon farko ta yi fatan da ba ta iya abin da ta iya ba. Duk sanda ma'aikaciyar jinya ta taɓa labule don ta gyara shi, sai ta miƙe zumbur.

A rana ta uku ya buɗe ido sosai, ya gane ta, ya motsa yatsu. Ya fara ƙoƙarin ba ta haƙuri ta cikin takunkumin, yana nuna ƙirjinsa, wai shi ya karya alkawari. Wannan ne ta kasa ɗauka. Ta matso da kujera, ta faɗa masa duka, gwangwani, buroshi, kwana goma sha biyu, da yadda ta tsaya shiru aka tuhume shi. Ba ta yi kuka ba sai da ta zo kan ƙwai, yadda ta riƙa kankare su har ganye ya yi fes. Sannan kafaɗunsa suka fara motsi, ta tsorata ta miƙe za ta kira likita, ashe dariya yake yi, irin wadda ba ta da iskar fita. Ya janye takunkumin kaɗan.

"Rumfa uku. Ke kaɗai. Ai ko famfona bai kai ki ba."

Ta mayar masa da takunkumin, ta riƙe hannunsa, ta yi tambayar da ta hana ta sakat.

"Baban yara, da na faɗa maka ranar, da ka jira kwana biyar ɗin?"

Ya ja numfashi sau uku kafin ya girgiza kai.

"Da ban jira ba. Kin san taurin kaina."

Shekara talatin tana tare da shi, ta san lokacin da yake ƙarya. Da ya jira. Da ya san hannu ne ya share su ba rumfarsa ce ta ƙi su ba, da ya yi mata tsiya har shekara, ya ba kowa labari, kuma da ya jira. Ta gyaɗa masa kai kamar ta yarda, shi ma ya yi kamar ya yarda ta yarda.

An tumɓuke tattasan rumfa biyu an ƙone. Malamar ta zo da mota ta kwashe kwalaben da famfon, ta kai inda ake lalata su, ta dawo ta rungume innarta. Bayan wata biyu, da warin ya fita daga ƙasa, ta kawo sabon kwali, kuma wannan karon Mai Tsintsiya ta tsaya ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka maimaita mata. Yau shekara huɗu ita ke riƙe da rumfunan. Ta bar ciyawa mai fure ta tsiro a gefen raga don ƙwarin su sami wurin zama, abin da har yanzu idan ta kalla hannunta ke ƙaiƙayi. Manoman kusa sukan zo ta nuna musu ƙwai da 'ya'ya, kuma abin da take fara nuna wa kowa shi ne baƙin nan, ta ce a kalle shi da kyau. Ba ta daina tsoronsu ba. Idan ɗaya ya hau wuyan hannunta, har gobe sai ta runtse ido.

Shi kuwa bai sake taka rumfa ba. Ya dawo gida da tukunyar iska da siririn tiyo a hanci, kuma iyakar tafiyarsa daga gado zuwa kujerar da ke bakin taga, nan ma sai ya huta a hanya. Kullum idan ta fito daga ban ruwa yana nan zaune yana jiranta, da tambaya ɗaya, ko ta ga yaran yau. Kalma biyar ce, amma sai ya tsaya ya ja iska sau biyu kafin ya kai ƙarshenta. Ta san abin da zai ce tun bai buɗe baki ba. Takan tsaya da bokiti a hannu ta jira shi, ba ta taɓa ƙarasa masa ba.